Yadda ake tsara moton lantarki da zai juya famfon filanja mai matsi sosai

Famfon filanja, wato mai sandunan ƙarfe da ke kai da komowa cikin silinda suna tura ruwa, shi ne ake gani a injinan wanki da ruwa mai ƙarfi, da wajen gwajin bututu, da wasu masana'antun tace ruwan gishiri, da rijiyoyin mai inda ake tura ruwa ko laka cikin ƙasa. Halinsa daban ne da na famfo mai fanka a ciki. Duk juyi ɗaya da karanshaf ɗinsa ya yi, adadin ruwa ɗaya zai tura, ko hanya a buɗe take ko a toshe. Gudu ne ke ƙayyade yawan ruwa, matsin da ke cikin bututu kuma shi ke ƙayyade ƙarfin murɗar da moto zai bayar. In ka rage gudu zuwa rabi alhali matsi bai sauka ba, moton zai ci gaba da murɗawa da ƙarfin nan dai, kuma amfiyar da yake ja ba za ta ragu sosai ba. A famfo mai fanka kuwa, rabin gudu yana sauke aikin zuwa kusan kashi ɗaya cikin takwas. Wanda ya saba da wancan lissafin ya kawo shi nan, ƙaurin kwayil ne zai sanar da shi. Don haka duk abin da za mu yi a ƙasa, daga ƙarfin murɗa za mu riƙa duba shi, kilowat yana biye.

Fara da famfon, moto ya jira

Kafin ka buɗe kundin moto, ka tattara abin da famfon yake nema: faɗin filanja, nisan tafiyarta, yawansu, matsin aiki, matsin da aka saita bawul ɗin kariya a kai, da gudu mafi ƙanƙanta da mafi girma da mai ƙera shi ya yarda. Ka tambayi mai aikin kuma ko ruwan da yake so ɗaya ne kullum ko yana sauyawa, domin amsar nan ce za ta nuna ko ana bukatar inbata mai sauya gudu.

Bari mu ɗauki famfo ɗaya mu bi shi har ƙarshe. Filanja 3 gare shi, kowace faɗinta milimita 30, tafiyarta milimita 50. Fuskar filanja ɗaya murabba'in santimita 7.07 ce. A ninka da santimita 5 na tafiya, a sake ninkawa da 3, za a samu kusan mililita 106 a kowane juyi. A juyi 500 cikin minti, lita 53 ke nan a takarda. Abin da zai fita a zahiri bai kai haka ba, saboda bawul ba ya rufewa nan take, ruwan kansa kuma yana ɗan matsuwa. Mu ce kashi 95 cikin 100 ke fita, wato lita 50 a minti. A matsin ba 300 (ba, wato bar, ma'aunin matsi ne) wannan asarar kaɗan ce, amma a ba 1,000 ruwa yana matsuwa da kusan kashi 4 cikin 100, kuma dole a sa shi a lissafi.

Aikin da ruwan ya ɗauka ana samunsa haka: lita a minti sau matsi a ba, a raba da 600, sai ya ba da kilowat. Lita 50 sau 300 a raba da 600, kilowat 25. Sai dai moto ba ruwan da ya fita kaɗai yake turawa ba, har wanda ya koma baya ya sha wahalarsa, don haka da lita 53 za a yi lissafi: kilowat 26.5. Gogayyar boris da karanshaf da abin toshe yoyo tana cin kusan kashi 10 cikin 100, sai a raba da 0.9, a samu kilowat 29.4 a shaf ɗin famfo. Bel ma yana da nasa rabon. A raba da 0.96, kilowat 30.7 ke nan a shaf ɗin moto.

A nan ne mutane ke cewa ai moto mai kilowat 30 ya isa, bambancin bai taka kara ya karya ba. Bai isa ba. Bawul ɗin kariya galibi ana saita shi kashi 10 cikin 100 sama da matsin aiki, wato ba 330, kuma kafin ya buɗe moto ne zai kai matsin can. A ba 330 bukatar ta zama kilowat 33.7. Girman da ke sama da 30 a jerin IEC, wato ƙa'idar girman motoci ta ƙasa da ƙasa, shi ne 37, shi za a ɗauka.

Yanzu ƙarfin murɗa: 9550 sau kilowat, a raba da juyi a minti. Kilowat 29.4 a juyi 500 ya ba da Nm 562 (nyutan-mita, ma'aunin ƙarfin murɗa) a karanshaf. Rubuta lambar nan inda za ka riƙa ganinta. Muddin matsi yana ba 300, ba za ta sauya ba ko famfon yana juyi 500 ko 150.

Ka duba nauyin da ke kan sandar filanja ma. Matsin ba 300 a kan murabba'in santimita 7.07 ya kai kusan kilonyutan 21, fiye da nauyin tan 2 a kan sanda ɗaya. Kowane famfo yana da iyakar da aka rubuta masa. In wani ya sauya filanja zuwa mai faɗi don ya samu ƙarin ruwa, nauyin sanda da ƙarfin murɗa duk sun ƙaru, lissafin moto ya koma farko.

Moto da abin da zai haɗa shi da famfo

Moto mai fes 3 da fol 4 (kawunan maganaɗisu 4) shi aka fi amfani da shi. A wuta mai Hz 50 yana juyi kusan 1,475 a minti idan yana ɗauke da kaya, a Hz 60 kuma kusan 1,770. Famfonmu 500 yake so, don haka sai an rage gudu kusan ninki 2.95. Fuli mai milimita 212 a moto da mai 630 a famfo za su ba da kusan juyi 496, wanda ya yi daidai.

Moto mai kilowat 37 a juyi 1,475 yana ba da Nm 240. Abin da famfon ke nema idan an dawo da shi gefen moto shi ne 562 a raba da 2.95, a sake rabawa da 0.96, kusan Nm 198, a matsin bawul ɗin kariya kuma 218. Akwai rara, amma ba mai yawa ba.

A wannan girman ni na fi son bel a kan akwatin giya. Yana shanye wani abu daga girgizar famfo, babban fulin ƙarfe yana taimakawa wajen daidaita juyi, kuma in ana son sauya yawan ruwa fuli kawai za a canza. Illarsa ita ce jan da yake yi wa shaf gefe guda. Ka duba a kundin moton nauyin gefe da boris ɗin gaba zai iya ɗauka, kada kuma ka sa fulin da ya gaza ƙanƙantar da aka yarda. Sau da yawa sai an nemi moto mai boris na nadi a gaba. In aikin ya kai ɗaruruwan kilowat, giya ta fi, kuma a zaɓe ta da rarar da masu ƙera ta suka ware wa famfo mai kai da komowa, ba ta kaya mai santsi ba.

Sauran abin dubawa a farantin moto ba su da wuya: aiki ba tsayawa wato S1, kariyar ƙura da ruwa aƙalla IP55, rufin kwayil ajin F, inganci IE3. Ƙarfin da aka rubuta a faranti na wurin da zafinsa bai wuce digiri 40 ba ne, tsayinsa kuma bai wuce mita 1,000 daga teku ba. In wurin ya wuce haka, a rage ƙarfin kamar yadda kundin ya nuna, a sake duba ko 37 ɗin tana nan.

Tayar da shi

Famfon da aka buɗe wa hanyar zagaye, ruwa yana komawa tanki ba matsi, kusan rubu'in ƙarfin murɗarsa yake nema kafin ya motsa. Wanda zai tashi da matsi a gabansa yana neman fiye da cikakken ƙarfin tun daga tsaye. Haɗin sita-delta yana sauke ƙarfin tashi zuwa kashi ɗaya cikin uku, na'urar tashi a hankali ma rage boltej take yi, ƙarfin murɗa kuwa yana faɗuwa da murabba'in boltej. Su biyun ba za su tayar da famfo mai matsi ba. Za ka ji moto yana gurnani, shaf ya ɗan motsa ya tsaya, sai bireka ta faɗi. Jona shi kai tsaye yana tayar da shi, amma zai ja ninki 6 zuwa 8 na amfiyarsa, ya kuma fizgi bel da karanshaf. In janareta ke ba da wutar, a nan za a gane ko girmansa ya isa.

Saboda haka, ko da wace hanya za ka tayar, ka sa bawul ɗin sauke matsi a tsarin, ka kuma ɗaure jerin tashi a cikin allon sarrafawa yadda ba mai iya tsallake shi. Famfon man shafawa ya fara, in akwai shi. Sai ƙaramin famfon da ke ciyar da babban, a jira na'urar auna matsin shiga ta tabbatar ruwa ya iso. Sai a tabbatar hanyar zagaye a buɗe take, moto ya tashi ya kai gudunsa, sannan a rufe ta a hankali matsi ya hau. Wajen kashewa a bi ta baya: a sauke matsi tukuna.

Inbata: inda aka fi yin kuskure

In yawan ruwa zai riƙa sauyawa, inbata ta fi zubar da rarar ruwa ta hanyar zagaye, domin duk ruwan da aka matsa zuwa ba 300 aka sake shi ya koma tanki, wutarsa zafi ta zama. Amma zaɓenta yana da sharuɗɗa.

Kusan kowace inbata lamba biyu gare ta. Ɗaya ta aiki mai sauƙi ce, wadda ke jure kusan kashi 110 cikin 100 na amfiyarta na minti ɗaya, an yi ta don fanka da famfo mai fanka. Ɗayar ta aiki mai nauyi ce, mai jure kashi 150 na minti ɗaya. Ta biyun ce taka. Motonmu yana jan kusan amfiya 67 a bolt 400, don haka amfiyar aiki mai nauyi ta inbatar dole ta kai haka ko ta wuce. Sau da yawa za ka ga wadda ta dace an rubuta mata kilowat 45 a kwali. Da amfiya ake zaɓe, kilowat ɗin kwali talla ce. A saitinta ma kada ka bar ta a tsarin famfo da fanka, wanda ke rage boltej sosai a ƙaramin gudu. Sa ta a tsarin bekta, ka shigar da bayanan farantin moto daidai, ka bar ta ta auna moton da kanta kafin a ɗaura bel.

Sai batun zafi. Fankar moto a kan shaf ɗinsa take, in gudu ya ragu iskarta ta ragu, amfiya kuwa tana nan yadda take saboda matsi bai sauka ba. Moton da zai yini a Hz 20 da cikakken matsi yana bukatar fanka mai nata moton daban, abin da ake rubutawa IC416, ko kuma a ɗauki moto mafi girma. Ka sa na'urar jin zafi ta PTC ko PT100 a cikin kwayil ka jona ta da inbata, kada ka dogara da ƙiyasin da inbatar ke yi daga amfiya kawai.

Ta sama ma akwai iyaka. Da zarar an wuce Hz 50 a moton Hz 50, boltej ya ƙure, ƙarfin murɗa sai ya fara sauka. A Hz 60 Nm 240 ɗin nan ta koma kusan 200, famfon kuma 198 yake nema. Rarar ta ƙare. Shi ya sa ake zaɓen fuli yadda gudun famfo mafi girma zai faɗo daidai kan gudun asali na moto.

Famfon kansa yana da gudun da ba a sauka ƙasa da shi. Yawancin ƙananan famfuna fantsalar mai ce ke shafa boris ɗinsu, in juyi ya yi ƙasa sosai man ba ya kaiwa sama. Ka sa wannan iyakar a inbata ka kulle ta. Haka ma gefen juyawa: bi kibiyar da ke jikin famfo, domin shafawar ta dogara da ita, ka kuma hana juyin baya a saiti.

Game da waya, a yi amfani da kebul mai garkuwa a jona garkuwar da atin ta ɓangarorin biyu. In nisa tsakanin inbata da moto ya wuce abin da kundinta ya yarda, a sa matatar fita don kare kwayil. Manyan motoci, daga kusan kilowat 100, ana sa musu boris mai rufi a baya don kada wuta ta bi ta ciki ta cinye shi. Riyakta a gefen shiga tana rage hargitsin da inbata ke mayarwa layi.

Bugun famfo

Filanja 3 suna nesa da juna da digiri 120 a kan karanshaf, don haka ruwan ba ya fita sumul. Hawa da saukarsa a famfo mai filanja 3 ya haura kashi 20 cikin 100, a mai filanja 5 kuma bai kai kashi 10 ba. Ƙarfin murɗa ma haka yake bugawa, sau 3 da sau 6 a kowane juyi. A juyi 500, Hz 25 da Hz 50 ke nan. In ka sa mita mai allura a kan layin moto za ka ga allurar tana rawa, kuma ba lalacewa ba ce.

Abu biyu ke kwantar da shi. Na farko nauyin abin da ke juyawa. A nan ka tuna cewa nauyin da ke gefen moto yana aiki kamar an ninka shi da murabba'in ragin gudu, kusan sau 9 a misalinmu, don haka ƙaramin filawil (faifan ƙarfe mai nauyi) a shaf ɗin moto ya fi ƙaton da ke gefen famfo tasiri. Na biyu tulun kwantar da bugu a bakin fitar famfo, kusa da shi iya yiwuwa. Da iskar naitirojin ake cika shi, galibi tsakanin kashi 60 zuwa 80 cikin 100 na matsin aiki, gwargwadon abin da mai ƙera shi ya rubuta. Ba a sa masa iskar oksijin ko kaɗan.

In inbata ce ke riƙe matsi da kanta, na'urar auna matsi mai mA 4 zuwa 20 ta zauna bayan tulun, a kuma tace saƙonta. In ba haka ba inbatar za ta riƙa bin kowane bugu tana ƙara gudu tana ragewa, sai girgiza ta ƙaru. Saita ta ta riƙa amsawa a hankali. Lokacin gwaji, hau da gudu kaɗan-kaɗan kana taɓa bututu. Duk gudun da ka ji bututu ya fara kaɗawa fiye da kima, sa inbata ta riƙa tsallake shi.

Gefen shiga ma yana iyakance gudu, ko da moto yana da sauran ƙarfi. Ruwan da ke bututun shiga tsayawa yake yana tashi tare da filanja, kuma wannan fizgar tana cin matsi. Bututu mai mita 3, ruwa yana tafiyar mita 1 a daƙiƙa, famfo mai filanja 3 a juyi 500, zai ci kusan mita 7 na tsayin ruwa, alhali matsin iskar duniya gaba ɗaya kusan mita 10 yake bayarwa. In matsin shiga ya gaza, kumfa ta samu a cikin silinda ta fashe, za ka ji ƙara kamar ana zuba tsakuwa a cikin famfon, bawul da filanja su fara cinyewa. Maganin shi ne gajeren bututu mai faɗi, famfon ciyarwa, da na'urar da za ta kashe moto in matsin shiga ya faɗi.

Kariya

Tunda amfiya tana bin matsi, ana iya sa wa inbata iyakar ƙarfin murɗa kaɗan sama da na aiki, ta zama kariya ta farko. Yana da kyau a yi. Amma duk wanda ya ce wannan ya isa a cire bawul ɗin kariya, kada ka saurare shi. Ga dalili. Ka ɗauka lita 5 na ruwa ne tsakanin famfo da bawul ɗin da wani ya rufe. Famfon yana ƙara lita 0.83 kowace daƙiƙa, ruwa kuma sai da matsin kusan ba 220 yake matsuwa da kashi 1 cikin 100. In ba a lissafa ɗan buɗewar bututu ba, matsi zai hau da sama da ba 3,500 a daƙiƙa, wato ƙarin ba 100 kafin kashi 3 cikin 100 na daƙiƙa su cika. Ko inbata ta yanke wuta nan take, rota da fuli suna ci gaba da juyawa da nauyinsu. Bawul ɗin kariya ya zauna kusa da famfo, ya iya fitar da dukan ruwan famfon, kada kuma a sa wani bawul na rufewa tsakaninsu. A masana'antar mai ƙa'idar API 674 ce ke tsara irin waɗannan famfuna, kuma ko aikinka ba na mai ba ne, karanta ta ba asara ba ne.

Maɓallin tsayawar gaggawa ya bi ta hanyar STO ta inbata, wato mashigar da ke yanke wa moto ƙarfin murɗa, ya kuma buɗe bawul ɗin sauke matsi lokaci guda, domin tsayawar moto ba ta sauke matsin da ke cikin bututu da tulu. Ruwa a ba 300 yana huda fata, don haka ba a laluben yoyo da hannu. A sa wa bel murfi. In layin da ake turawa yana riƙe matsi ko bayan an kashe, a sa bawul mai hana komowa.

Ranar gwaji

Cire bel, kunna moto shi kaɗai ka ga gefen da yake juyawa. Daidaita fulayen biyu da miƙaƙƙen ƙarfe, ɗaura bel, juya famfon da hannu juyi biyu ko uku ka ji ba abin da ya riƙe. Duba mai. Bar shi ya yi aiki ba matsi har iska ta fita daga silinda, ƙarar ta daidaita. Sannan ka hau da matsi mataki-mataki, ba 75, 150, 225, 300, kana rubuta amfiya da ƙarfin murɗar da inbata ke nunawa a kowane mataki. Ƙarfin murɗa ya kamata ya hau daidai da matsi, a ba 300 ya tsaya wajen kashi 80 zuwa 85 cikin 100 na ƙarfin moton. In ya wuce haka sosai, duba ko an ɗaure abin toshe yoyon filanja fiye da kima, ko bel ya yi tauri, ko gejin ne ke ƙarya. In matsi yana tsalle ba tsari kuma ruwa ya ragu, bawul ɗaya na famfo ba ya zama daidai ko akwai sauran iska.

Gwada bawul ɗin kariya da gangan, a hankali, ka ga ya buɗe a ba 330 moto bai faɗi ba. Rufe ruwan shiga kaɗan ka tabbatar na'urar ta kashe moto. Sannan ka bar shi a gudu mafi ƙanƙanta da cikakken matsi har zafin kwayil ya daina hawa, domin a wannan yanayin ne moton ya fi shan wuya. Sabon bel yana saki a sa'o'in farko na aiki, don haka a sake auna ɗaurinsa bayan yinin farko, a ajiye lambobin gwajin a cikin allon sarrafawa don mai gyara ya samu abin kwatantawa.